Sa hannun da na yi a Disambar 2017

Na mayar da makullan ofis bayan shekara 19 a sashen kuɗi na hukumar ruwa ta jiharmu a nan Sudan. Ku da muka yi zama ɗaki guda kun san teburina na jikin taga, kun kuma san aikin, don haka ba zan ɓata muku lokaci da labarinsa ba. Takarda guda nake so in yi magana a kanta, wadda na sa wa hannu a ƙarshen 2017, har yau kuma ba ta bar ni na huta ba.

Kun san farashin ruwa ba mu ke yanke shi ba. A wancan lokacin namu mu yi lissafi mu miƙa, a kai majalisar dokokin jiha tare da kasafin shekara, abin da ta amince da shi kuma shi za a bi har wata shekarar. Yawancin gidaje ba su da mitar ruwa. Kuɗi ƙayyadadde ne a wata, gwargwadon darajar unguwa, ta ɗaya ko ta biyu ko ta uku, da faɗin bututun da ya shiga gidan. Abin da ke shigo mana ke nan a tsaye yake kamar turke, abin da muke kashewa kuwa dala yake bi: alif na tace ruwa, kulorin, kayan gyaran injuna, duk daga waje suke zuwa. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da mafi yawan man fetur, duk akantan da ke da ido ya san fam, kuɗin ƙasarmu, ba zai zauna wuri ɗaya ba.

A watannin ƙarshe na 2017 dala a takardar gwamnati ba ta kai fam 7 ba, a kasuwa kuwa ta haura 20. 'Yan kwangilar da ke kawo mana alif da farashin kasuwa suke yi mana lissafi, don ba su samun dalar banki. Na yi mako biyu ina haɗa alƙaluma a kan farashin da muke biya da gaske, na fitar da ƙarin da ya kamata a nema. Ƙarin ya yi yawa, ni ma na tsorata da shi, amma shi ne gaskiya.

Mudir, wato shugaban hukumar, ya kira ni bayan azahar, ya sa aka kawo shayi. Ya ce, "Ustaz, aikinka ya yi kyau, sai dai wannan adadin ba zai shiga majalisa ba. Ko ƙofar minista ba zai wuce ba." Abu biyu ya nema. In mayar da lissafin kayan waje kan dalar gwamnati, tunda ita ce doka ta sani. Sannan bashin da muke bin ma'aikatu da makarantu da barikoki, wanda ya shekara da shekaru ba a biya ba, in sa shi cikin kuɗin da za mu karɓa a shekara mai zuwa. Na ce, "Mudir, wannan bashin ni da kai mun san ba zai shigo ba." Ya ce, "Bashi ne na halal ko ba na halal ba?" Na ce na halal ne. Ya ce, "To rubuta shi. In abu ya matsa, za a nemi tallafi daga ma'aikatar kuɗi. Ni zan tsaya maka."

Na rubuta. Na sa hannu a ƙasa, shi kuma bai sa ba, sai takardar rakiya ya haɗa ya tura.

An sha tambayata dalili. Babu wanda ya ba ni ko sisi, wannan Allah ya sani, ku ma kun sani. Tsoro ne. Ƙarin girmana yana kan teburinsa a lokacin. Akwai kuma abin da sai ɗan Hausa da ya yi aikin gwamnati a ƙasar nan zai gane. Kakana ta Mai Wurno, garin Hausawa da Fulani a nan Sudan, ya biyo a hanyarsa ta Makka, ya zauna, aka haifi ubana a nan, aka haife ni a nan, amma har gobe akwai mai kallona ya ce Bafallace, sunan da ake kiran irinmu 'yan asalin Afirka ta Yamma. A unguwarmu ni ne na farko da ya kai irin wannan kujera. Kullum ina jin cewa in na yi gardama ba za a ce wane ya yi gardama ba, za a ce ka gani, dama haka suke. Sai na ɗauki shiru a matsayin ladabi. Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba, hannuna ne a takardar.

A watan Janairun 2018 gwamnati da kanta ta mayar da dala fam 18. Tawadar farashinmu ba ta bushe ba ya zama tarihi. A watan Oktoba aka kai 47 da rabi. Tsakanin nan ga layin dizal da ya cika tituna tun daga Afrilu, ga bankuna babu takardun kuɗi. Tallafin da aka ce za a nema bai zo ba, ma'aikatun da muke bi bashi ko amsa wasiƙa ba su yi ba. Muka biya albashi, muka biya wuta, alif kuwa muka sayi abin da ya samu.

Sai damira ta zo. Wanda bai zauna bakin kogin nan ba ba zai san yadda ruwan ke komawa a watan Yuli da Agusta ba, idan ya gangaro daga duwatsun Habasha da jar laka kamar kunu. Lokacin ne tasha ta fi shan alif, lokacin ne kuma sito ya zama fayau. Injiniyoyi suka yi abin da za su iya, suka rage yawan ruwan da ake tacewa. Idan ruwa ya ragu a bututu, ba kowa yake rasa shi daidai ba. Gidajen daraja ta ɗaya suna kusa da babban layi, kowanne da injin zuƙo da tanki a saman bene. Unguwannin ƙarshen layi, irin tamu, su ne famfonsu ke fara yin tari ya yi shiru. Daga nan sai karo. Jaki da ganga biyu a haɗe, ruwan da babu wanda ya san inda aka ɗebo shi, kuma abin da gida ke ba mai karo cikin 'yan kwanaki ya fi kuɗin famfo na wata. Farashin da aka danne don a tausaya wa talaka, talakan ne ya biya shi ninki ba ninki a bakin ƙofarsa.

Wata Juma'a na shiga gaida Gwaggo, yayar mahaifina. Ta miƙo mini rasit uku a ƙulle cikin leda. Tun da aka haɗa kuɗin ruwa da sayen wuta, a mitar nan ta biya kafin ka sha da mutane ke kira jamra habisa, ba ka samun wuta sai an cire na ruwa. Mu a ofis mun yi murna da wannan tsari, don ya ɗaga kuɗin shiga ba tare da mai bi gida gida ba. Ta ce, "Ɗana, kai da kake can ciki, gaya mini. Kwana arba'in famfon nan bai ɗiga ba, kuma duk wata sai sun cire. Kuɗin me nake biya?" Na ce, "Gwaggo, a yi haƙuri, ana gyara." Ta dube ni ta ce, "Allah ya ba ku ikon gyarawa." Ba ta ƙara ba. A tsakar gidan jikarta tana kwance da gudawa. Ba zan ce ruwan karo ne ya jawo ba, ni ba likita ba ne, amma a daren nan ban yi barci ba.

Da ƙorafi ya yi yawa aka kafa kwamiti. Aka ajiye takardar a gabana, aka tambaye ni wane hankali ne ya sa na gina kasafin shekara guda a kan dalar da babu ita a kasuwa. Na waiwaya wajen Mudir. Ya ce shi injiniya ne, bututu da inji ya sani, lissafi aikin akanta ne, kuma ya amince da ma'aikatansa. A gaban mutum bakwai ya faɗa, bai ko sunkuyar da kai ba. Na ce akwai lissafi na farko. Aka ce ina shaidar cewa an umarce ni in canza shi? Babu. Magana ce ta baki a kan kofin shayi. Aka rubuta mini gargaɗi a fayil, aka ɗage ƙarin girman, aka tura ni tagar karɓar ƙorafi. Shi kuwa ba a jima ba aka ɗaga shi zuwa wani muƙami. Na ce na yafe, kuma ina ƙoƙari, amma da muka haɗu a wata jana'iza ya rungume ni yana cewa ɗan'uwa, sai da na yi ta'awwuzi a zuciyata.

Shekara biyu na yi a tagar nan, kuma a can na koyi abin da littafin kuɗi bai koya mini ba. Mutane ba ƙarin farashi suka fi tsana ba. Dattijo zai zo daga ƙarshen gari ya ce a ninka masa kuɗin, shi dai ruwan ya zo, don ya san abin da karo ke ci masa. Abin da ke ƙona musu rai shi ne a karɓa ba a bayar ba. Na kuma ga cewa kuɗin bai ɗaya zalunci ne da muka saba da shi har muka daina ganinsa: mai lambu da wankin mota biyu yana biyan kuɗi ƙayyadadde a kan ruwan da ba a auna ba, bazawara mai tulu uku tana biyan ruwan da ba ta gani ba. Duk wanda ke cewa mita tsada ce, ya zo ya zauna a tagar nan mako guda.

Sauran darussan kaɗan ne. Umarnin da ya shafi adadi, a nemi a rubuce, ko da fuska za ta ɓaci. Bashin hukuma ba kuɗi ba ne sai ya shiga asusu. A sayi alif tun kafin Mayu. Kuɗin gyaran inji shi ake fara yankewa, shi ne kuma ke fara rama wa kansa.

An mayar da ni sashen kuɗi kafin Fabrairun 2021, lokacin da aka saki fam, dala ta tashi daga 55 zuwa 375 a rana ɗaya. Sabon shugaba ya nemi in sassauta wasu alƙaluma kafin a miƙa. Na ce da yardarsa zan yi, ya rubuto mini a takarda da hatiminsa. Bai rubuto ba. Lissafin ya tafi yadda yake, aka yi mini fushi na wata uku, a damirar shekarar kuma sito bai ƙare ba. Ma'ajin sito yana nan da rai, a tambaye shi.

Abu ɗaya na bari ban ƙarasa ba. Sau uku na rubuta neman a daina cire kuɗin ruwa a unguwar da aka tabbatar ta kwana 15 a bushe, sau uku ana ce mini na'urar kamfanin wuta ba za ta iya ware unguwa ba. Wasiƙun suna cikin koren fayil a durowa ta biyu, tare da lissafina na farko na 2017. Rasit ukun Gwaggo, Allah ya jiƙanta, suna maƙale a shafin ƙarshe. Ƙanena da ka gaji teburin, ka taimaka ka rubuta ta huɗu.