Tarihin da ke cikin jinin itatuwa

A karatun gandun daji da na yi a Shambat, kusa da Khartoum, kafin yaƙin nan na Sudan ya watsa mu, darasin da ya fi zauna mini shi ne ba a gane arzikin daji da duhun ganyensa. Kurmi biyu sai su yi kama a ido. Idan aka auna ƙwayoyin gadonsu, sai a tarar ɗaya cike da dangogi iri-iri, ɗayan kuwa kusan duk jikokin uwa ɗaya ne. Dalilin yana can baya, tun ɗan Adam bai fara noma ba.

Kimanin shekara 21,000 da suka wuce, ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da arewacin Amurka, tsayin ruwan teku ya ragu da wajen mita 120, Afirka kuma ta yi sanyi ta bushe. Sahara ta gangaro kudu. Jigayin yashin nan na Kurdufan da Darfur da ake kira goz, inda ɗakwara ke ba mu ƙaro yau, ragowar irin wannan fari ne. Daga baya ciyawa ta kama su suka tsaya wuri ɗaya. Kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya tsuke ya rarrabu. Shaidar tana cikin laka. Ƙurar furen da aka haƙo daga ƙasan tafkin Bosumtwi na Gana ta nuna ciyawa ce ta mamaye wurin a lokacin, amma a tafkin Barombi Mbo na Kamaru itatuwa ba su ɓace ba.

Waɗannan 'yan wuraren da itatuwa suka fake su ne mabuɗin zancen. Kowane rukuni ya zauna shi kaɗai na dubban shekaru, ba ya musayar ƙurar fure da na nesa, har ya yi nasa kamannin. Da ruwa ya dawo, kurmi ya sake bazuwa ya haɗe, amma tabon rabuwar bai goge ba. Shi ya sa a itatuwa da dama ake samun na Laberiya da Kodebuwa jininsu daban da na Kamaru da Gabon, ko da sunansu ɗaya.

Mu mutanen garin Mai Wurno na Sudan ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Waɗanda suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 ba dukan zuriyoyin ƙasar Sakkwato suka kwaso ba, gidaje ne ƙidayayyu. Haka itace: 'yan tsaban da suka isa sabon wuri wani yanki kaɗan na gadon gida suke ɗauke da shi, kuma daga su ne dajin duka zai tashi.

Kaɗanya ta fi burge ni, ko don ina ganinta a kasko. Man kaɗen yamma mai tauri ne, na Sudan ta Kudu da Yuganda kuwa laushi gare shi. Reshe biyu ne na itace ɗaya, kuma masu bincike sun danganta yadda jininsu ya rabu da waccan bushewar ta zamanin ƙanƙara.

Bayan farin sai aka shiga zamanin ruwa. Wadi Howar, wanda yau rairayi ne zalla, kogi ne a lokacin, yana zuba a Nilu kusa da tsohuwar Dongola. Itatuwan kudu suka hau arewa. Da ruwan ya janye, wajen shekara 5,000 da suka wuce, wasu suka maƙale a kwazazzaban Jabal Marra, dutsen da ya haura mita 3,000, suna nan har yau nesa da danginsu. A ganina irin waɗannan ƙananan kurame sun fi cancantar tsaro a kan babbar gonar itatuwan da aka dasa jiya, domin idan aka sare su babu inda za a sake samo irinsu.

Inda ilimin ya yi mini amfani da gaske shi ne wajen tara iri. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce a ɗebo daga uwaye 25 zuwa 30 aƙalla, da tazara mai kyau tsakaninsu, ba daga bishiya ɗaya mai yawan 'ya'ya a bakin hanya ba. Wani dattijo mai tatsar ƙaro a wajen Gadarif ya taɓa ce mini, “Ɗan nan, ga wadda ta fi kowacce zubar da ƙaro, me ya kai ka yawo?” Na ce, “Baba, idan duk gonar 'ya'yanta ne, ranar da ciwo ya same ta ya same su duka.” Ya yi shiru, sa'annan ya ce shi ma ba ya shuka dawa iri ɗaya a shekarar da bai yarda da damina ba. Daga nan ya nuna mini wasu ɗakwarori a kan tudu waɗanda suka tsira a farin 1984, muka fara ɗiba daga can.