Wasiƙa Daga Tamale: Malamar Da Ta Shiga Majalisa

Assalamu alaikum 'yan uwana na gida. Ina gaida iyayenmu, yayye da ƙanne, da fatan kowa yana lafiya.

Tunda aure ya kawo ni Tamale a arewacin Ghana, babu abin da ke tsaya mini a rai kamar ganin yara mata a tasha, kowace da ɗan ƙunshinta, suna jiran motar kudu. Wasu ko shekara goma sha biyar ba su cika ba. Dako za su je yi a kasuwannin Accra da Kumasi, da babban kwano a ka, dare ya yi su kwanta a bakin shaguna. "Kayayei" ake ce musu, kuma "kaya" ɗin nan namu ne na Hausa, aka haɗa shi da kalmar "mata" a yaren Ga na mutanen Accra. Ranar da na fara jin haka sai da na yi hawaye.

Su ne suka sa nake son ba ku labarin Susanna Al-Hassan. A garin nan aka haife ta a 1927. Ta yi karatu a makarantar Achimota da ke Accra, a zamanin da da wuya ka ga 'yar arewa a aji. Daga 1955 zuwa 1960 ita ce shugabar makarantar midil ta 'yan mata a garin Bolgatanga, nan arewacin Ghana. Duk wadda ta riƙe irin wannan makaranta ta san yarinyar da aka cire aka aurar, ta san wadda yunwa ta hana zuwa, ta san ƙofar gidajensu.

A 1960 gwamnatin Kwame Nkrumah ta yi dokar da ta ware wa mata kujeru goma a majalisa, Susanna ta shiga tana wakiltar Jihar Arewa. A 1961 aka naɗa ta mataimakiyar ministan ilimi. Daga baya aka ba ta ma'aikatar jin daɗin jama'a, ita ce mace ta farko a Ghana da ta zama minista, kuma ta sa ido sosai kan matsalar karuwanci a arewa. Wannan ne ya fi burge ni: magana ce da ake jin nauyin furtawa, amma ba ta kau da kai ba. Juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966 ya rushe majalisar. Ta sake komawa gwamnati a zamanin shugaban ƙasa Jerry Rawlings, ta rasu a 1997.

'Yan uwa, mu ma muna da irinta: malaman firamare, ungozomomi, matan da ke bin gida-gida lokacin rigakafi, masu sasanta ma'aurata ba tare da an biya su ko sisi ba. Idan zaɓe ya matso, don Allah ku je ku same su ku ce su fito takara, kuma ku tsaya musu da ƙuri'unku.

Ku gaida mutan gida duka.

'Yar uwarku a Tamale.