Lallen Kaka da cin ruwan ƙafata

Daminar bana a unguwar Aboabo ta Kumasi ta ja min cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa. Ƙaiƙayi kamar in cire yatsan in huta. Kaka ta leƙa ta ce, "Ke dai jikata, kin raina lalle ne." Ta aiki yaro kasuwar Kejetia ya sayo garin lallen, ta kwaɓa da ruwan lemun tsami a ƙoƙo, ta cusa min a tsakanin yatsun da kanta tana mita, ta ɗaure da leda. Kwana biyar wajen ya bushe.

Na ba ƙanwata da ke karatun haɗa magunguna a jami'ar KNUST labari, ina jira ta yi dariya. Sai ta ce, "Yaya, ai Kaka ba ta yi ƙarya ba." Sinadarin da ke ba lalle jan launinsa, lawson, shi ke kama fata da farce ya zauna, kuma a ɗakin gwaji an ga yana hana wasu ƙwayoyin cuta da naman gwari yaɗuwa. Haka rawayar kurkum ma, tun 1949 masana a Jamus suka nuna tana hana bakteriya girma.

Amma ta ja min kunne: gwajin kwalba daban, jikin mutum daban. Baƙin lallen kasuwa da ake zuba wa sinadarin rinin gashi na PPD kuwa ƙona fata yake yi, kuma jarirai masu ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, lalle na iya fasa musu jini.

Kaka dai har yau tana min gori, yatsuna kuma jajawur kamar na amarya.