Yadda Na Shirya Tafiyata ta Farko Zuwa Guangzhou

Na shekara 11 ina sayar da yadi a Kantin Kwari kafin na yi niyyar taka ƙasar Sin da ƙafata. Duk tsawon lokacin nan sautu nake bayarwa, wani zubin kaya su zo yadda nake so, wani zubin kuma launi ya saɓa ko kauri ya gaza, ba ni da ta cewa tunda ban ga wanda aka yi cinikin da shi ba. A shekarar 2024 na ƙudura halartar baje kolin Canton, wanda ake gudanarwa a birnin Guangzhou tun 1957, sau biyu a shekara. Na zaɓi zango na uku na zaman kaka, daga 31 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba, domin a lokacin ne ake baje tufafi da yadudduka da takalma.

A tunanina na farko, shirin tafiya magana ce ta kuɗi: idan ka haɗa na tikiti da na masauki da na sari, sauran duk mai sauƙi ne. Saboda haka watanni biyu na kwashe ina bin bashin da mutane suka riƙe mini, ina zarya Wapa ina tambayar farashin dala, ban ko buɗe akwatin da fasfona yake ciki ba. Sai a tsakiyar Agusta maƙwabcin shagona, wani dattijo da ya daɗe yana zuwa can, ya ce in kawo masa fasfon ya gani. Ya buɗe shafin farko, ya ƙirga da yatsunsa, sannan ya miƙo mini yana cewa, "Ƙanena, da wannan ba za ka je ko'ina ba." Wa'adinsa zai ƙare a watan Janairu, alhali ofishin jakadancin Sin ba ya karɓar fasfon da bai kai saura wata shida ba.

Sabunta fasfo ya tono mini wani tsohon sakaci. A fasfon an rubuta sunana da harafin "u" bayan "M", a rajistar lambar NIN kuwa da "o", kuma an sa sunan mahaifina a gurbin sunan tsakiya. Mu a gida duk suna ɗaya ne, ba wanda zai ce Muhammad da Mohammed mutum biyu ne, amma kwamfuta ba ta san wannan ba, kuma tilas bayanan biyu su yi daidai harafi da harafi kafin a buga sabon fasfo. Laifin nawa ne, domin ranar da aka yi mini rajista a wani shagon unguwa ina sauri, ban tsaya na karanta abin da yaron ya shigar ba. Gyaran ya ci mini kusan mako uku, da takardar rantsuwa daga kotu da jira mai cin rai. Da na zo zaɓa sai na ɗauki mai shafi 64 na shekara 10, don kada in sake shiga wannan hali nan kusa.

Neman biza bai ba ni wahala sosai ba. Na yi rajista a shafin baje kolin na sami takardar gayyata, na haɗa da takardun rajistar kasuwancina da bayanan asusun banki, na nemi biza nau'in M ta 'yan kasuwa, na je Abuja na miƙa.

Abin da ya kusa hana ni tafiya shi ne ɗan katin nan mai ruwan ɗorawa na rigakafin cutar shawara. Na ɗauka abu ne da za a yi ana gobe tafiya, ashe shaidar ba ta fara aiki sai an cika kwana 10 da yin allurar, kuma Sin tana nemanta daga masu zuwa daga ƙasashen da cutar take, ciki har da Najeriya. Wani ya yi mini tayin kati ba tare da allura ba, na ƙi, domin katin yanzu yana da lambar da ake iya bincikawa, kuma ban ga hikimar ha'intar jikina ba. An yi mini allurar ranar 17 ga Oktoba a ofishin lafiya na filin jirgi, jirgina kuma na ranar 28 ne. Da na ƙara jinkirin 'yan kwanaki, da tikitin ya tashi a banza. Abin da ya sanyaya mini zuciya shi ne, tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Waya ma tana da nata shirin da ba ya yiwuwa sai kana gida. WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki a layukan Sin, mutanen can da WeChat suke magana, da shi da Alipay suke biyan komai, har kuɗin tasi da ruwan sha. Ɗan wana ne ya zauna da ni dare biyu, ya buɗe mini su, ya haɗa Alipay da katin asusuna na dala, ya sauke mini manhajar fassara da ke aiki ba intanet, sannan ya sa wa uwargida WeChat a wayarta. Muka kuma tsayar da lokacin gaisawa, tunda suna gabanmu da awa bakwai: idan na idar da sallar isha'i a can, a Kano ba a daɗe da kiran azahar ba.

Game da kuɗin hannu, na nemi sababbin takardun dala 100 masu shuɗin zare, domin tsofaffi ana yi musu tsirfa wajen canji. Na kuma kiyaye ƙa'idar bayyanawa: abin da ya haura dala 10,000 ana sanar da kwastan a nan, a can kuwa abin da ya haura 5,000. Adireshin masaukina a unguwar Xiaobei, inda Musulmi da gidajen abincin halal suke da yawa, na sa aka buga mini shi da rubutun Sinanci a takarda, saboda direban tasi ba lallai ya karanta haruffan boko ba.

Haɗa kaya kuwa, wanda na fi ɗoki a kansa, bai wuce yini ɗaya ba. Uwargida ta naɗe mini kilishi mai yawa a cikin takarda, amma dattijon nan ya ce a cire, Sin ba ta barin a shiga da nama kowane iri. Yara ne suka ci gajiyarsa a daren, ni kuwa na tafi da yaji da garin kunu da 'yan guntayen yadin da nake so a saƙa mini irinsu, kowanne na liƙa masa faɗinsa da nauyinsa.

Muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, muka ya da zango a Addis Ababa, washegari muka sauka a filin jirgin Baiyun. Da na isa masauki na shimfiɗa dardumata, sai na tsaya ina neman gabas kamar yadda na saba tun ina yaro, har wani Bazazzage da muke ɗaki ɗaya ya dafa kafaɗata ya juyar da ni yana dariya. A Guangzhou alƙibla tana yamma.