Hoton jijiyoyin kan Yaya

Jama'a ku taya mu godiya ga Allah, Yayanmu ya fara samun sauƙi. Ciwon kai ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai mantuwa, daga baya hannun dama ya yi sanyi. Nan unguwarmu a Katsina kowa da fassararsa, wasu har sammu suka ambata.

Da hoton na'urar MRI ya nuna ƙananan tabo nan da can a ƙwaƙwalwa, likita ta ce sai an ɗauki hoton jijiyoyin jinin su kansu, wato anjiyogiram. Aka fara gwada ƙodarsa, don ta nan ruwan da ake ɗurawa domin jijiyoyin su fito a hoto yake fita. Sannan aka zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har wuya, aka saki ruwan, na'ura tana ɗauka. Wai tun 1927 wani likitan Fotugal, Egas Moniz, ya fara wannan aiki!

Na ga hoton da idona. Jijiyar ta tsuke nan, ta buɗe can, kamar carbi. Na ce, "To likita, an gano ke nan?" Ta ce, "Malama, da saura." Ashe ban da kumburin jijiyoyin da ake zargi, akwai wata cutar da ke tsuke jijiyoyi haka ta sake su, kuma idan kumburin yana a ƙananan jijiyoyi, hoton kan fito lafiya lau. Shi ya sa aka ɗebi ruwan cikin ƙashin bayansa don gwaji kafin a ɗora shi kan prednisolone, maganin rage kumburi. Wannan taka-tsantsan nata ya burge ni ƙwarai.

Yanzu yana riƙe cokali da kansa. A ci gaba da sa shi a addu'a.