Kibiyoyin da Cajal ya zana a cikin ƙwaƙwalwa

Tun ina sakandare nake kwafar zanen ƙwayar jijiya daga allo, wannan mai kama da bishiyar kuka da ta zubar da ganye, amma sai da na girma na san cewa siffar tana da mai ita. Sunansa Santiago Ramón y Cajal, likita ɗan Sifaniya da aka haifa a 1852. Tun yana yaro zane ne burinsa, mahaifinsa kuwa ya ƙi, har ya kai shi koyon aski da ɗinkin takalma kafin ya tura shi karatun likitanci.

A 1873 wani ɗan Italiya, Camillo Golgi, ya gano hanyar rina naman ƙwaƙwalwa da sinadarin azurfa, wanda yake baƙanta 'yan ƙwayoyi kaɗan ya ƙyale sauran, ta yadda kowace za ta fito fili a ƙarƙashin madubin likita. Cajal ya fara ganin wannan rini a Madrid a 1887. Abu guda suke kallo su biyun, amma Golgi ya ce raga ce guda da ke haɗe ko'ina, Cajal kuwa ya ce kowace ƙwaya zaman kanta take yi, kuma akwai 'yar tazara tsakaninta da maƙwabciyarta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda Cajal ya kafa hujjarsa da alƙalami da tawada. Madubin ba ya nuna dogon zaren da ke fita daga ƙwayar tun daga tushe har ƙarshe a kallo ɗaya, sai mutum ya yi ta murza shi sama da ƙasa, don haka Cajal yakan tattara abin da ya gani a yanka daban-daban ya haɗa shi a takarda guda, ya watsar da duk abin da zai rikita ido. Sannan ya ƙara 'yan kibiyoyi da ke nuna cewa saƙo yana shiga ta rassa ya fita ta dogon zaren. Babu wanda ya ga saƙon yana tafiya a wancan zamani. Hasashe ne da ya gina a kan siffa, kuma ya dace.

An haɗa su biyun a kyautar Nobel ta 1906, inda Golgi ya tashi a Stockholm ya ci gaba da kare ragarsa. Sai a shekarun 1950 madubin lantarki ya nuna tazarar ƙarara, bayan rasuwar Cajal a 1934.

Kwanan baya na ci karo da tsohon littafina na aji huɗu. Rassan sun fito tsaf, na ma yi musu launi, amma kibiyar baya take kallo, malaminmu kuma ya ba ni maki cikakke.