Aikin tur a Garwa: abin da ake auna kafin a sa wuƙa

Atelye ɗinmu, wato shagon gyaran ƙarfe, na nan Garwa a arewacin Kamaru, kuma yawancin abin da ake kawo mana bai wuce iri huɗu ba: shaf ɗin injin niƙa, famfon ban ruwa na masu lambun albasa a bakin Binuwai, kayan injin mota, da tamburan birki na manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere su nufi Marwa, Kusiri da Njamena. Idan lokacin auduga ya kama, motocin da ke jigila zuwa masana'antun kamfanin auduga na Sodecoton su ma sai su cika mana ƙofa. Muna da tur, wato injin da ke juya ƙarfe ana fere shi da wuƙa, muna da injin firez na yanke gurbin kilabet, wato ɗan ƙarfen da ke kulle fuli a jikin shaf, da injin gogar bilbirke, wato karanshaf, da firas na mai na matsa ƙarfe. Amma duk waɗannan ƙarfe kawai suke ci. Gyaran yana wurin awo.

Mu da santiyem muke magana, wato milimita ɗaya a raba ta ɗari. Gashin kai ɗaya ya kai santiyem biyar zuwa takwas, kuma mazaunin rulma, wato boris, idan ya ragu da santiyem biyu kacal ya riga ya lalace. Saboda haka piye-a-kulis, ma'aunin nan mai baki biyu da ake zamewa, ba ya yanke hukunci a nan. Aikinsa auna tsawo ne da ƙiyasin farko. Awon ƙarshe na falma ne, ma'aunin da ake murɗawa mai karanta santiyem, da agogon awo mai allura. Kuma ba a auna ƙarfe da zafinsa. Shaf mai kaurin milimita 80, idan ya fi falma zafi da digiri 30, zai nuna ƙarin kusan santiyem uku wanda babu shi. Ka sauke shi daga tur yana ƙuna ka auna ka ga daidai, ya huce ya koma ƙasa da awo, ka yi asarar ƙarfen mutane. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40, ba shi ne matsala ba muddin falma da ƙarfen sun zauna inuwa ɗaya, domin tare suke buɗewa. Matsalar ita ce kayan da aka sauke daga bayan babur rana ta gasa su, mai su yana tsaye yana cewa a yi sauri. Alminiyom kuwa kusan ninki biyu na ƙarfe yake buɗewa, shi ya fi son haƙuri.

A ɗauki shaf ɗin injin niƙa, tunda shi ne abincin kullum. Rulma mai lamba 6206 raminta milimita 30 ne, bayanta 62, kaurinta 16. Mazauninta a kan shaf dole ya zama 30 cif ko ya ɗara da santiyem ɗaya zuwa ɗaya da rabi, yadda za ta shiga da matsi ta kama. Idan ta fara juyawa a kan shaf maimakon tare da shi, sai ta riƙa cin ƙarfen, injin ya fara kaɗawa, bel ya riƙa tsinkewa, gari ya fito da tsaki-tsaki. A nan ne masu aikin arha suke shigowa. Wani ya ɗauki kurfi da guduma ya tsattsaga mazaunin har ya yi ƙuraje, rulma ta shiga da ƙyar, a ce an gyara. Wani ya yanko gwangwanin madara ya naɗa. Ƙurajen nan ba sa jure nauyi. Sati biyu ko uku sun kwanta, shaf ya dawo ya fi da lalacewa, kuma mu ake kawo wa a ce me ya sa namu kuɗin ya fi.

Hanyar gaskiya biyu ce. Ko a cike da walda, ko a yi sabo. Idan cikewa za a yi, sai an fara rage wurin da kamar milimita ɗaya don waldar ta sami gindin zama, a ɗumama ƙarfen, a ja layi ɗaya nan, a juya a ja ɗaya a kishiyarsa, har a zagaye. Wanda ya bi gefe ɗaya ya cika shi kafin ya juya, shaf zai lanƙwashe. Bayan walda a binne shi cikin toka ko busasshen yashi ya huce da kansa. Ruwa haramun ne a nan: yana taurara wurin har wuƙa ta ƙi ci, kuma yana barin tsaga a ciki. Daga nan a ɗora shi tsakanin tsini biyu na tur, a sa agogo, a tabbatar kaɗawarsa ba ta wuce santiyem uku ba kafin a yanke mazaunin. Gurbin kilabet na shaf mai 30 faɗinsa 8 ne, zurfinsa 4, kuma a firez ake yin sa, ba da dutsen wuta a hannu ba. Wajen sa rulma, a ɗumama ta cikin mai zuwa kamar digiri 90, ta zame ta zauna. Idan dole sai an buga, a sa bututu a kan zoben ciki kaɗai. Dukan zoben waje yana ɓata hanyar ƙwallayen tun ba a tada injin ba.

Idan sabo za a yi, sai maganar ƙarfe. Rodin gini ba ƙarfen shaf ba ne, ko ya yi ƙyalli bayan an fere shi. Muna neman ƙarfe mai lamba XC48, ko 42CD4 idan aikin mai nauyi ne. Masu kawo ƙarfe kuwa, Allah ya kyauta, sanda ɗaya yau mai kyau, gobe mai fenti iri ɗaya amma laushi kamar ƙusa. Shi ya sa duk sandar da ta shigo sai ta taɓa dutsen wuta: ƙarfe mai laushi tartsatsinsa dogo ne miƙaƙƙe, mai ƙwari kuwa tartsatsin yana fashewa da rassa a bakinsa. Tsohon aksil na babbar mota ƙarfe ne na gaske, sai dai fatarsa a taurare take, wuƙar karbur, mai baki mai tsananin tauri, ce kaɗai ke shiga. Da wuƙar ƙarfe ta gama-gari, sanda mai laushi mai kaurin 50 ba ta son fiye da juyi 180 zuwa 200 a minti. Da karbur a ninka uku. Idan ɓawon da ke fita ya koma shuɗi alhali da wuƙar gama-gari ake yanka, gudu ya yi yawa, bakin wuƙar na gab da mutuwa.

Bilbirke, wato karanshaf, shi ne aikin da muka fi tinƙaho da shi. Ba a hawa da shi injin guga sai an wanke shi tas, an duba tsaga a kusurwoyin wuyansa, an ɗora shi an ga miƙewarsa. Kowane wuya ana auna shi a wuri biyu, ta fuska biyu, don a ga ko ya zama ƙwai ko ya tsuke ta gefe ɗaya. Matakan ragi sanannu ne: milimita 0.25, 0.50, 0.75, wasu injuna har 1.00. Roƙonmu ga makanikai kullum ɗaya ne: a sayo kusine tukuna, wato ɓawon ƙarfen da wuyan ke juyawa a ciki, a kawo tare. Abin da aka rubuta a kwali da abin da falma ke nunawa ba kullum suke haɗuwa ba, musamman a kayan arha, kuma ƙarfen da aka goge ba ya dawowa. Tazarar mai tsakanin wuya da kusine takan kama kusan santiyem ɗaya ga kowace milimita goma ta kauri, amma littafin injin shi ne alƙali. Ta yi kaɗan, injin ya kama. Ta yi yawa, ƙarfin mai ya faɗi ka ji ƙwanƙwasa. Abin da masu gaggawa ke tsallakewa shi ne lanƙwasar kusurwar wuya. Dole a gyara bakin dutsen guga ya bi wannan lanƙwasa yadda kamfani ya yi ta. Aka bar kusurwa mai kaifi, daga nan tsaga ke farawa, bilbirke ya karye a hanya da lodi, a ce ƙaddara. Bayan guga a kashe kaifin ramukan mai, a bi su da burushi da iska, domin garin dutse ɗaya da ya maƙale ya isa ya cinye sabon kusine.

Kulas, wato kan injin da ke rufe silinda, ba ya ɗaukar dogon bayani. A ɗora miƙaƙƙen ma'auni a tsaye, a kwance da kusurwa-kusurwa, a zura ganyen awo; yawancin injuna ba sa yarda da karkata fiye da santiyem biyar zuwa goma. A cire abin da ya wajaba kawai, kuma a na dizal a sake duba zurfin bawul, kada fistan ya same su.

Tambur kuwa gangaren dutsen Ngaundere wajen Mbe ne ke kawo mana su, sun yi zafi sun yi tabo-tabo masu tauri da ƙananan tsaga. Yawancinsu an rubuta iyakar faɗin da za a iya ferewa a jikinsu. Idan tambur ya kai wannan iyaka ba ma taɓa shi, ko direba ya yi rantsuwa cewa tafiya ɗaya ce kawai, ko ya ce wancan atelye zai yi. Kuma biyun da ke aksil ɗaya awo ɗaya ake ba su, in ba haka ba mota ta riƙa ja gefe idan an taka birki.

Sai zare, wato haƙoran kusa da noti. Kusoshi M12 tazarar zarensa 1.75 ce, kusurwarsa digiri 60, ramin da ake huda masa 10.2. Tsofaffin injunan Lister da irinsu na Indiya da yawa zaren Ingila gare su, mai digiri 55, kuma rabin inci 12.7 ne, ba 12 ba. Noti zai shiga zagaye biyu ya tsaya, yaro ya sa dogon sifana ya murɗe, shi ke nan an kashe duka biyun. Wasu manyan motoci kuma kusoshin tayar hagu zaren hagu ne. Ma'aunin zare ƙaramin abu ne, a gwada kafin a ɗaura.

Lokacin hunturu ƙura na haɗuwa da mai a kan gadon tur ta zama abin guga, don haka safe da yamma ake sharewa a sa sabon mai. Wuta ta ɗauke ana cikin yanka, a janye wuƙa nan take kafin ta dawo. Babbar riga, rawani mai jela da zobe ba sa kusantar tur, kuma mabuɗin mandaran, wato bakin tur da ke riƙe ƙarfe, ba ya kwana a jikinsa ko na daƙiƙa ɗaya.

Mai kawo aiki ya zo da ƙarfen da ya lalace ko da ya karye biyu, da abokin zamansa, rulma ce ko fuli ko kusine, da lambar injin idan akwai. Awon da aka ɗauko da zaren ɗinki ko tsinken tsintsiya, ko hoto a waya, ba ma yanka ƙarfe a kansa.